Cefanen Aike da Tukunyar Gida

Akwai wata 'yar sana'a da ta fara leƙo kai a Birnin Kebbi, wadda muke ganin ya kamata mu tattauna a kanta tun kafin ta zama ruwan dare. Mace mai sana'ar abinci takan karɓi saƙo ta waya, ta shiga kasuwa ta yi cefane, ta wanke, ta yanka, ta auna kowane abu daidai girki ɗaya, ta ƙulla a leda, ta haɗa da 'yar takarda mai bayanin yadda za a dafa, sa'an nan ɗan kabu-kabu ya kawo har ƙofar gida. Ɗanyen cefane ne, sai dai an riga an yi masa awo. Mun sa masa suna cefanen aike. Masu yin sa sun fi tallata shi ga gidajen da likita ya kafa wa wani doka a kan abinci, wato masu ciwon sukari, da masu hawan jini, da masu gyambon ciki.

Gidaje bakwai na 'yan ikkilisiyarmu, biyar a Birnin Kebbi, biyu a Argungu, sun gwada abin har mako shida, daga farkon watan Mayu zuwa tsakiyar Yuni na 2025, muna kuwa biye da su. Ra'ayinmu bayan wannan gwaji shi ne, cefanen aike makaranta ce mai kyau ta ɗan lokaci. Amma duk gidan da ya maishe shi hanyar ciyar da mara lafiya ta din-din-din, to, aljihu zai yi kuka, mara lafiyan kuma zai tarar an ware shi a cikin gidansa.

Dabarar ba a nan aka ƙago ta ba. A ƙasar Suwidin ta fara, inda aka kafa wani kamfani mai suna Middagsfrid a 2007. Daga baya HelloFresh ya biyo a birnin Balin na Jamus a 2011, sai Blue Apron a Niyu Yok ta Amurka a 2012. Sa'ad da Blue Apron ya fara sayar da hannun jari a 2017, darajarsa ta kusa dala biliyan 2. A 2023 aka sayar da shi ɗungum a kan wajen dala miliyan 103. Babban abin da ya durƙusar da shi kuwa, mutane sukan gwada, da rangwamen farko ya ƙare sai su zame. Turawan nan fa suna da firiji da wutar da ba ta ɗaukewa, abin da suka rasa lokacin zuwa kasuwa ne kawai. Mu kuwa kasuwa tana kusa, hannun girki ma akwai. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne sanin awo.

Duk wanda ya taɓa bin dattawa ko Zumuntar Mata zuwa gai da marasa lafiya bayan sujada ya san yadda waɗannan cututtuka suka shiga gidajenmu. Wannan ɓarin jikinsa ya shanye, wancan ido ya dushe, waccan gyambon ƙafa ya ƙi warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa cikin kowane manya 3 a duniya, 1 yana da hawan jini, kusan rabinsu kuma ba su sani ba. Ƙungiyar IDF mai lura da ciwon sukari ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne suke da ciwon a Afirka kudu da Sahara, fiye da rabinsu kuwa ba a gano ba.

Mu mutanen kwarin Rima muna da tamu matsala ta dabam, gama shinkafa ce ta yi mu. A Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a watan Nuwamba 2015. A Disamba 2016 aka fito da shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi. A Agusta 2017 Farfesa Yemi Osinbajo ya buɗe katafaren injin casar shinkafa na WACOT a Argungu. Abin alfahari ne, ya kuma rufa wa manoma da yawa asiri. To amma a gida fa, da safe ɗumamen tuwon shinkafa, da rana dafa-duka, da dare kuma tuwon shinkafa. Sai mutum ya je asibiti a ce masa, “Baba, a rage shinkafa, a rage gishiri.” Ya dawo gida ya faɗa wa uwargida. A rage zuwa nawa? Ba wanda ya faɗa. Ita kuwa tun tana yarinya da ido da tafin hannu take auna gishiri, ba ta taɓa yin kuskure ba a ganinta.

A nan ne cefanen aike ya yi mana aikin da wa'azin likita bai yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Wannan kuwa ya haɗa da dukan gishirin da ya shiga bakinsa daga safe zuwa dare, ba na miya kaɗai ba. Ɗunƙulen magi wajen rabinsa gishiri ne. Kanwar da muke jefawa a wake da miyar kuɓewa, sinadarin da ke cikin gishiri mai tayar da jini yana cikinta. Yajin da muke barbaɗawa an daka shi da gishiri da magi. Burodi ma da gishirinsa yake zuwa. Mutum zai iya jin wannan bayani sau goma bai shiga kansa ba. Amma ranar da ƙullin gishirin girki ɗaya ya iso gida, ɗan mitsitsi kamar ƙullin maganin gargajiya, sai magana ta fito fili. Wata uwa a cikinmu har ta buga waya tana cewa, “'Yata, kin manta ba ki sa mini gishiri ba.” Aka ce mata, “Mama, duba ƙasan ledar, yana nan.” Ta duba ta gani, ta ce wannan ai ko ƙwai biyu ba zai ji ba.

Makon farko an yi gunaguni, ba laifi. Miya salam, in ji maza. Zuwa mako na uku harshe ya saba, har wasu suka fara cewa abincin biki ya yi musu gishiri. Mata kuma suka gane cewa daddawa, da citta, da tafarnuwa, da albasar nan tamu ta Aliero, da ɗan kifi banda, suna toshe gurbin da magi ya bari. Haka ma tuwo. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannun mai ci, rabin kwano kuma ganye ne, ko zogale, ko rama, ko alayyafo, ko lalo, sauran gurbin kifi ko wake. Gidaje biyu da suke da na'urar awon sukari sun riƙa rubuta abin da suka gani, suka kai asibiti, likita ya ce su riƙe wannan awo su kuma ci gaba da shan magani. Muna jaddada wannan na ƙarshe, domin ba mu so wani ya karanta mu ya ajiye maganinsa. Abinci yana taimakon magani ne, ba ya maye gurbinsa.

Wannan shi ne alherin da muka gani, ba kuwa ƙarami ba ne. Sauran labarin bai kai haka daɗi ba.

Zafi ne ya fara nuna mana iyakar abin. A watannin Afrilu da Mayu zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40, wutar lantarki kuwa kowa ya san halinta. Cefanen kwana uku ake kawowa a tashi ɗaya. Ranar farko lafiya lau, rana ta biyu alayyafon da aka yanka ya yi laushi, rana ta uku sai a zubar. Na Argungu ya fi ban dariya da ban haushi. Ana ba direba saƙon a tasha, ya yi tafiyar wajen awa ɗaya a bayan mota cikin rana, in ma motar ta cika da wuri ke nan. A cikin saƙon har da ɗanyen kifi. A kai wa Kabawa kifi! Garin da ake bikin kamun kifi a kogin Matan Fada tun 1934, bikin da UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016, shi ne ake aika wa yankakken kifi a leda daga Birnin Kebbi. Ba mamaki ma kifin daga Argungun ya taso, ya je yawon buɗe ido ya dawo da wari.

Abin da ya fi tsorata mu shi ne jinkiri. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, saƙon wani gida bai iso ba sai bayan la'asar, na baya kuma ya ƙare. Dattijon gidan ya riga ya sha maganin sukarinsa yana jiran abincin rana, ya kuma ƙi taɓa tuwon gida domin an ce masa ba nasa ba ne. Sai ga shi yana rawar jiki, gumi yana keto masa, magana tana sarƙewa. Allah ya sa surukarsa ta taɓa jin bayani a asibiti. Ta dama sukari a ruwa ta ce, “Baba, sha wannan tukuna, daga baya ma yi maganar doka.” Ya sha ya farfaɗo. Ya kamata kowane gida ya san wannan. Allurar insulin da wasu ƙwayoyin ciwon sukari suna saukar da sukarin jini ko mutum ya ci ko bai ci ba. In abinci ya makara, sukarin yakan faɗi ƙasa ƙwarai, wannan kuwa yana iya kai mutum ga suma cikin ɗan lokaci. Saboda haka mai irin wannan magani bai kamata cikinsa ya dogara ga babur ko direban tasha ba.

Sai kuɗi. Da matan suka zauna suka lissafa, abin da suke biya ya kusa ninka abin da za su kashe in da kansu suka shiga kasuwa. Ba mu ga laifin mai sana'ar ba, gama akwai ladan wahalarta, da kuɗin leda, da na ɗan kabu-kabu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kuɗin aike ya tashi, a watan Yuni 2024 kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100. Malamin firamare ko ɗan fansho da yake sayen magani kowane wata, ina zai kai wannan ƙarin? Tsoronmu shi ne ranar da zai zaɓa tsakanin ƙullin cefane da ƙwayar magani, ya kuwa zaɓi cefane domin shi ne mai daɗin gani.

Wani ɓangare na tsadar ma bai zama dole ba. An cusa wa mutanenmu cewa abincin mai ciwon sukari shi ne acca, da garin alkama, da ɗanyar agada, da hatsin Turawa na gwangwani. Acca daga Filato da kudancin Kaduna take zuwa, agada daga kudu, kafin su iso nan kuɗin mota ya hau kansu. Acca abinci ce mai kyau, amma hatsi ce kamar sauran hatsi, wanda ya cika kwano da ita sukarinsa zai hau. Tuwon alkamar da aka niƙa luƙwi bai fi tuwon dawa da komai ba. Zuma ma da ake cewa ba ta da laifi, tana tayar da sukari. Alhali ga gero, ga dawa, ga wake a gonakinmu. Shinkafar ma ba a ce haram ce ba. Wadda aka turara da ƙaiƙayinta, wato gumi, ba ta saurin tayar da sukari kamar farar shinkafar tuwo da aka dafa ta yi luguf aka tuƙa. A dafa ta da wake, a rage yawanta, a cika gefe da ganye. Da aka roƙi mai sana'ar ta cire acca ta sa gero, kuɗin ya sauka nan da nan.

Akwai kuma haɗarin ɗaukar dukan marasa lafiya kamar abu ɗaya. Ƙullin da ya dace da mai hawan jini, cike da ganye da wake, yana iya cutar da wanda ƙodarsa ta raunana, domin ƙodar ba ta iya fitar da sinadarin fotashiyam da ke cikinsu yadda ya kamata. Gishirin nan da ake sayarwa a manyan kantuna wai na masu hawan jini, shi ma da fotashiyam ake haɗa shi. Mai gyambon ciki kuma citta da attaruhun da suka gyara wa wani miya, shi wuta suke kunna masa. Mai sana'ar abinci, komai kirkinta, ba ta ga sakamakon awon jinin kowa ba. Wanda yake zuwa asibitin Sir Yahaya, ko babban asibitin tarayya na Birnin Kebbi, ko babban asibitin Argungu, ya roƙi likita ko nas su rubuta masa a takarda abin da zai ci da abin da zai bari, da yawansa. Kada ya ji kunyar tambaya.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai ba ya cikin lissafin kuɗi. A gidajenmu tare ake cin abinci. Maigida da 'ya'yansa maza a kwano ɗaya, uwargida da 'yan mata a nasu, baƙo in ya shigo ya wanke hannu ya sa. Cefanen aike na mutum ɗaya ne. Da ya shigo gida, tukunya ta zama biyu. Mace ta girka na gida, ta sauke, ta ɗora na mai ciwo, gawayi ko gas ya ƙare ninki biyu. Sa'an nan a kai wa Baba nasa shi kaɗai a ɗan kwano, yana jin ƙamshin dafa-dukar yara daga tsakar gida, jikokin da suka saba zagaye shi an kore su kada su cinye masa abinci mai tsada. Mutumin da ya shekara 40 yana ciyar da gida ya koma kamar baƙo a asibiti. Me kuke tsammani zai faru? Da magariba ta yi sai ya ce zai miƙe ƙafa. Mai shayi da mai tsire na bakin titi su suka san sauran labarin.

Mun kuma lura da wani abu da ya kamata mu maza mu ji kunyarsa. Cikin gidaje bakwai ɗin, biyar domin maigida aka yi odar. Ba wai mata ba su da hawan jini ba ne, kowa ya san suna da shi. Amma in mace ce mai ciwon, da wuya a ware kuɗi a yi mata abinci na musamman. Ita za ta girka wa kowa da gishirin da suke so, ta ɗanɗana, ta ci ragowar.

Saboda haka muke cewa gyaran na tukunyar gida ne gaba ɗaya. Hawan jini da ciwon sukari sukan bi jini. Yaron da yake cin miya mai magi huɗu yau, ɗan mai hawan jini ne, harshensa kuma yanzu ake horar da shi. Giram 5 ɗin nan ba na marasa lafiya ba ne kaɗai, na kowane babba ne, na yara ma bai kai haka ba. Wani zai ce, mai noma a fadama da mai ɗaukar buhu ai sai da tuwo mai yawa. Gaskiya ne, a ƙara masa malmala. Tuwo kowa da awonsa, amma miya ɗaya ta isa gida duka. In ban da mai ciwon ƙoda da irinsa waɗanda likita ya ware da kansa, ba mu ga dalilin da zai sa mai ciwon sukari ko hawan jini ya bar kwanon iyalinsa ba.

Wanda yake da hali, ba mu hana shi cefanen aike ba. Lokacin da ya fi amfani shi ne makonni biyu ko uku na farko bayan likita ya faɗi sakamako, sa'ad da gida ya rikice ba a san abin da za a ɗora ba. A karɓa, a buɗe kowane ƙulli a juye a cokali ko gwangwanin madara, a sa alama, a adana takardar. Daga nan a koma kasuwa. Haka shida daga cikin gidajen suka yi. Na bakwai wani tsohon malami ne da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna aiki a nesa, su suke biya. Shi kam abin ya zame masa rufin asiri. Irinsa ne, da gwauraye, da ma'aikatan da aka turo nan ba tare da iyali ba, suke da bukata ta gaske.

A kan irin waɗannan ne muke da magana da kanmu. Mun iya gai da mara lafiya, wannan ba a ƙwace mana ba. Amma me muke riƙowa? Lemun kwalba, da molt, da burodi, da madara mai sukari, mu jere a gaban mai ciwon sukari, mu yi masa addu'a mu tafi. Da kuɗin nan za a iya haɗa busasshen cefane wanda ba ruwansa da firiji: kuka, da busasshiyar kuɓewa, da kauɗa, da daddawa, da busasshen zogale, da banda, da wake, da gero, da ƙulle-ƙullen gishiri na kowace rana. Zai yi mako biyu bai lalace ba, ko a Argungu ko a ƙauye. Kusan kowace ikkilisiya tana da nas ko ma'aikacin lafiya a cikinta, sai su duba awon kafin a kai. A bukukuwan Godiya da Kirsimeti ma, tukunya ɗaya mai ƙarancin gishiri da mai ba za ta rage wa biki armashi ba. Maƙwabtanmu Musulmi ciwon nan bai bar su ba, in an haɗa ƙullin a tuna da su. Mai shan maganin sukari kuma, namu ko nasu, ya ga likita kafin ya shiga azumi.

Ku kuma 'yan'uwanmu mata masu wannan sana'a, ba mu zo kashe muku kasuwa ba, sana'a ce ta halal mai kuma amfani. Roƙonmu shi ne ku rubuta ranar da kuka haɗa kowane ƙulli, da yawan gishiri da magin da ke ciki. Ɗanyen kifi da yankakken ganye kada su wuce na yini ɗaya a lokacin bazara, na Argungu kuwa ku bar su su sayi kifinsu. In saƙo zai makara ku buga waya tun da wuri domin a nema wa mai ciwo abin da zai ci. Kada ku ce wa kowa abincinku yana warkar da ciwon sukari. Wanda kuma ya ce muku yana da ciwon ƙoda, kada ku karɓi kuɗinsa sai ya kawo takarda daga asibiti.